Ruwan da Ba Ya Jiran Hadari

Filinge, Lahadi

Zuwa ga Yaya Magagi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina lahiyarka da ta dawaki? Kira ba ya shiga, shi ya sa na rubuta. Mai cajin waya na kasuwa zai ɗauki hoton takardar ya turo maka.

Yaya, ka ja mana! Baba ya tahi. Yau da hantsi ina wajen awo ya shige motar Yamai, wai gare ka za shi. Kai ma dai, wa ya aike ka? Ka samu aikinka na hawar da baƙi bisa doki a bakin teku, ka yi shiru mana. A'a, sai da ka shiga tsohon barikin sojan Nasara ka ɗauko hoton kabari mai sunan kakanmu, Albarka Filinge. Ka san Baba yana goye anka kama ubanshi soja, ko huskarshi bai sani ba. Tun ran da ya ga hoton nan bai ƙara cin tuwo da daɗi ba. Ya ɗebi ƙasar gonar gado ya ƙulle a mazubi, wai sai ya zuba ta bisa kabarin, tunda mai gonar bai komo ba.

Shekarunshi tamanin, Yaya. Ka tare shi a tasha, ka maido min ubana da rai.

Ƙanwarka,
Basiratu

Bakin teku, Alhamis

Ƙanwata Basiratu,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, Baba ya iso jiya lahiya lau, sai kumburin sawu.

Amma akwai magana. Wurin da nike aiki hili ne na gwamnati, mutane na zuwa wanka da kamun kihi da shan iska. Barikin kuwa yana bisa wani dutse cikin teku, tahiyar rabin awa daga gaɓa. Kullum ruwa yakan janye sau biyu, hanyar rairayi ta buɗe, sannan ya komo ya shanye ta. A kwanakinga na tsayuwar wata da gudu yake komowa, doki ma sai ya yi da gaske. Don haka masu tsaron wurin sun sa jar tuta, ba mai tsallakawa sai bayan kwana goma.

Na yi wa Baba wanga bayani sau uku. Sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi dariya, ya ce, "Magagi, ni za ka koya wa ruwa? Ina hadarin?" Kin san shi, tun yana saurayi bai taɓa tsallaka ƙoramar Dallol ba sai ya dubi gabas, kuma bai taɓa kuskure ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ki yi mana addu'a.

Yayanki,
Magagi

Filinge, Juma'a

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga takardarka, amma wallahi ban gane ba. Kwana goma? Shekaranjiya an ga walƙiya wajen Bonkuku, kowa na gyaran sungumi, ga irinmu a rumbu ba a ko sussuka ba. Wa zai tsaya kan shuka in ba Baba ba?

Kuma wane irin ruwa ne wanga da zai zo ba a yi ruwa ba? Kai da bakinka ka ce min can ma rani ake. Ko dai masu jar tutar ne ke son hutu? Ni dai ka kai shi ya yi addu'arshi ya zuba ƙasarshi, ka sako min shi mota. Tsoronka ya yi yawa tun kana yaro. Ka gaishe min da shi.

Basiratu

Asibiti, Asabar

Basiratu,

Salamu alaikum. Ki zauna kamin ki karanta.

Laihina ne. Jiya Baba ya ce in karanta mishi takardarki, na karanta ban tsallake ko layi guda ba.

Yau Asabar wurin ya cika maƙil. Ina can ƙarshen gaɓa ina jan doki da wata baƙuwa, sai wata mai suyar kihi ta sheƙo tana ihu, "Tsohonka! Tsohonka!" Tun da hantsi ya bi bayan tutar ya wuce, ba wanda ya lura. Ya kai barikin, ya yi abin da ya kai shi, yana kan komowa ruwa ya tare shi a tsakiyar hanya.

Na sauke baƙuwar na haye dokin. Basiratu, ko da na hango shi ruwa ya kai mishi ƙugu, kuma ba gudu yake ba. Tsaye yake cik, sanda a hannu, ya ɗaga kai yana ta duban sama, gabas da yamma, yana neman inda ruwan ya hito. Ina kiran shi yana duban sama. Kamin in kai, igiyar ruwa ta kada shi ƙasa. Da wuyan riga na cahe shi. Yadda dokin nan ya hiddo mu, Allah kaɗai ya sani, don ni ban sani ba.

Likita ta ce ya sha ruwa da yawa, ya shiga ƙirji. Yana lumfashi, amma har yanzu bai buɗe ido ba.

Magagi

Filinge, Lahadi

Yaya,

Na karanta. Ni na tura shi, da hannuna na rubuta. Ban ci ba, ban sha ba. Don Allah ko mene ne ka hwaɗa min, kada ka ɓoye.

Basiratu

Asibiti, Talata

Ɗiyata Basiratu,

Assalamu alaikum. Ni ne ubanki, yayanki ke rubuta min.

An ce kina kuka, wai ke kinka tura ni. Bar wanga zance. Ke da ni makaranta guda munka yi. Ba takardarki ta kai ni ba, sama na duba, kuma tas take.

Na ga kabarin. Ƙarami ne, ciyawa ta ci rabinshi, na tuge ta da hannu. Na zuba mishi ƙasar gonarshi, na hwaɗa mishi iyakarta na nan inda ya bar ta, ko taki guda ba a ci ba.

Kada in ƙara jin kin ce da yayanki matsoraci.

Ki sussuke iri. In ruwa ya riga ni, ku shuka, kada ku jira ni.

Ubanki,
Yahaya Albarka