Barcin Da Ya Sace Ni A Hanyar Bariénou

Zuwa ga Alhaji, Babban Daraktan kamfanin sufurin da nake yi wa tuƙi a Parakou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Allah ya jiƙan mahaifinka, wanda shi ya fara miƙa mini makullin babbar mota tun kana makaranta.

Ranka ya daɗe, sunana Idirisu Mamman. An haife ni a Djougou, ina zaune da iyalina a unguwar Albarika. Shekarata ashirin da uku ina jan motocin gidanku. Ban ambaci sunanka ko na kamfani a nan ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Sau biyu na rubuta takarda na ajiye a biro, wato ofishinku, ba a ce da ni ƙala ba. Na kuma lura abin da ya same ni ba a garejinmu kaɗai yake faruwa ba, shi ya sa na fito da maganar fili, ko wani mai motoci zai karanta ya duba nasa gidan.

Yau kwanana tara a gida. An dakatar da ni mako biyu. Takardar da aka ba ni ta ce laifina biyu ne: na tsayar da mota ba da izini ba, kuma na jawo kaya suka makara. Duka biyun na yi su, ban musa ba. Amma takardar ta bar abin da ya faru kafin nan, shi nake so ka ji daga bakina.

Na farko: yadda abin ya auku.

Ranar Lahadi na isa tashar jirgin ruwa ta Kwatano don ɗauko takin zamani. Ba a yi mini lodi ba sai yammacin Talata. Na taso na kwana ina tafiya, na shigo Parakou da hantsin Laraba. Kafin azahar an gama sauke kaya. Na wanke fuska, na ɗauki jakata zan nufi gida, sai Malam Rashidi, mai tsara mana tafiye-tafiye, ya aiko kirana. Ya ce akwai kaju, wato yazawa, a wani sito bayan Djougou, wajen Bariénou, dole a kwaso shi ranar, domin washegari za a haɗa shi da wanda zai gangara Kwatano. Na ce masa rabona da barcin kirki tun daren Asabar. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini cewa motata ta yi kwana biyu a tsaye a tasha, saboda haka a wurinsu na huta. Ya ƙara da cewa idan ba zan iya ba akwai masu jira a bakin ƙofa.

Na karɓi takardar tafiya. Wannan laifina ne, zan dawo kansa.

Na isa Djougou lafiya, na yi la'asar a masallacin bakin hanya, na sayi goro na ci gaba. Zafi ake yi irin na gab da damina, kujerar mota kamar an ɗora ta a kan murhu. Na tuna na wuce wata gonar kaju da aka kewaye da kara. Daga nan ban san komai ba. Abin da ya dawo da ni shi ne ihun mace. Na ga motata ta bar hannunta ta koma ɗaya hannun, ga babur a gabana yana kaucewa yana faɗawa cikin rami. Na taka birki har ƙafata ta yi ciwo.

Mai babur ɗin wani magidanci ne, sunansa Bukari, ɗan acaba ne da ke ɗaukar mutane tsakanin ƙauyuka da kasuwar Djougou. Ya ɗauko wata dattijuwa da kwandon doya. Shi ya karye a tsintsiyar hannu. Ita ta gurje a gwiwa da kafaɗa, doyarta ta watse a kwalta. Da na sauko, ban san ta inda zan fara ba da haƙuri ba. Dattijuwar ba ta zage ni ba. Ta dube ni daga inda take zaune a ƙasa, ta ce mini da yaren Dendi: “Ɗana, na ga idonka tun daga nesa. A buɗe yake, amma babu kowa a ciki.”

Alhaji, na sha jin zagi a hanya, na sha marin jandarma ina saurayi, amma babu abin da ya taɓa shigata kamar wannan magana.

Mutanen gona suka taru. Wasu matasa sun so su taɓa ni, wani tsoho da ya san gidanmu a Djougou ya hana. Aka ɗora Bukari a wani babur zuwa asibiti. Ni kuma na kira Malam Rashidi na faɗa masa komai. Tambayarsa ta farko, ko mota ta samu rauni. Na ce ko ƙwarzane babu. Ya ce to alhamdu lillahi, in ƙarasa sito kafin masu lodi su tashi. Na ce masa wallahi ko taku ɗaya ba zan ƙara ba. Na gyara wa motar tsayuwa a gefen hanya, na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, na kwanta. Ban farka ba sai da aka kira magariba a ƙauyen. Na kwana a nan, da safe na bi ta asibiti na duba Bukari, sannan na je na yi lodi. Wannan ita ce tsayawa ba izini da aka rubuta mini. Babu kalma ɗaya a takardar game da mutumin da ya karye.

Na biyu: jira ba hutu ba ne.

A bangon biro kun liƙa doka da hannunku, cewa kada direba ya wuce awa tara a kan sitiyari a yini ɗaya, kuma ya riƙa tsayawa yana hutawa a tsakani. Doka ce mai kyau, na yi murna ranar da aka karanta mana ita. Kun kuma saka wa kowace mota na'urar da ke nuna inda take da lokacin da ta motsa. Ita ma ba na faɗa da ita. Matsalar ita ce na'urar mota take gani, ba ta ganin mutum.

Wanda bai taɓa bin layin tasha ba zai ɗauka kwanciya muke yi. Layi yana matsawa kaɗan-kaɗan, tsawon mota ɗaya ko biyu, a kowane lokaci na dare ko rana. Ka runtsa, na bayanka ya zagaye ka, ka koma jiran wani yinin. Ana iya kiran lambarka kana banɗaki. Ga sauro, ga tsoron masu zuƙe mai da masu kwance batir. Abin da mutum ke samu gyangyaɗi ne na minti goma, kansa a kan sitiyari, kunnensa a waje. Wannan shi ake rubuta mana a matsayin hutun kwana biyu. Haka ake lissafa zaman jiran sauke kaya, da na shingen kwastan, da ranar da ka yini a ƙarƙashin mota kana taya makaniki. Sai a tattara su a ce ka huta, a miƙo maka sabuwar takarda.

Na uku: laifinmu mu direbobi.

Ba zan yi maka wasiƙar da za ta wanke mu tas ba. Tunda aka koma biyanmu bisa yawan tafiya, mu da kanmu muke rububin lodi. Wanda ya ce ya gaji ana yi masa dariya a gareji, a ce tsufa ya zo. Ni ma na yi wa wasu wannan dariyar. Ranar Larabar nan da na tsaya a kan bakata, da Bukari yana kan babur ɗinsa yanzu. Na ji tsoron masu jira a bakin ƙofa, na ji kunyar a ce Idirisu ya gaza, sai na ɗauki mota alhali na san halin da nake ciki. Wannan yana wuyana, kuma na roƙi Allah gafara.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda kowa ya sani ba a faɗa. Goro da kofi sun daina yi wa da yawa daga cikinmu aiki. Yanzu ƙwaya ake sha, ana sayenta a duk inda manyan motoci ke tsayawa, kamar yadda ake sayen ƙosai. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Amma ina so ka sani, idan ka ga direba ya yi Kwatano ya dawo ya juya Malanville, can arewa a bakin iyaka, ba tare da ya kwana a gida ba, kada ka yaba ƙarfinsa, ka tambayi abin da ke aljihunsa. Na san mutanen kirki, masu sallah a kan lokaci, da jadawalin nan ya koya wa abin da ba su taso da shi ba.

Na huɗu: Malam Rashidi.

Wasu abokan aikina suna so in zuba masa laifin duka. Ba zan yi ba. Na sha ganinsa da waya biyu a kunne, mai kaya na yi masa tsawa ta nan, ku kuna tambayarsa ta can. An ba shi motoci kaɗan da alkawura masu yawa, aka ce ya haɗa su. Bai taɓa kwana a hanya ba, ba kuma wanda ya koya masa. Abin da kwamfuta ta nuna masa shi ya sani. Alkawarin da ake yi wa masu kaya, cewa za a kai gobe ko ta halin ƙaƙa, ba a teburinsa ake yin sa ba.

Kakannina fataken goro ne, da ƙafa da jakuna suka riƙa ratsa ƙasar nan har suka zauna a Djougou. Kakata ta sha ba mu labarin cewa madugu ba ya yanke zango da ƙarfin saurayin da ya fi kowa sauri. Yana duba jakin da ya fi gajiya da tsohon da ke baya, sannan ya ce ga inda za a sauka. Goro suke ɗauke da shi, kayan da ke lalacewa idan an daɗe, su ma kasuwa na jiransu. Ba don ba su san riba ba suke tsayawa. Sun san ayarin da ya ƙi zango ba ya isa da yawansa.

Mahaifinka ma haka ya riƙe mu. Idan ka shigo daga doguwar tafiya, kafin ya tambayi kaya sai ya kalli idonka. Na tuna ranar da ya zare makulli daga hannuna ya saka a aljihun rigarsa, ya ce in je gida, in ya sake ganina kafin gobe da azahar sai ya saɓa mini. A lokacin haushi na ji. Na san zamani ya sake, motoci sun yi yawa, masu kaya ba su da haƙurin na da. Amma jikin ɗan Adam bai sake ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A riƙa lissafa zaman layi da jiran lodi a cikin aiki, ba a cikin hutu ba. Duk wanda ya shigo daga Kwatano ko Malanville a bar shi ya kwana a gidansa kafin a ba shi wata takarda. A rubuta a ƙarƙashin dokar nan ta bango cewa direban da barci ya kama yana da izinin tsayawa, ya buga waya ya sanar, ba tare da an hukunta shi ba. A sake duba tsarin biya, don kada hutu ya zama asara ga mai iyali. Kuma a sa Malam Rashidi, ko duk wanda zai riƙa tsara mana tafiya, ya bi ɗayanmu sau ɗaya tak, daga layin tasha har gareji, a kujerar gefe. Ba don horo ba, don ya gani.

Roƙona na ƙarshe ba nawa ba ne. Bukari yana da mata da 'ya'ya huɗu, da hannun nan yake ciyar da su, kuma likita ya ce zai daɗe bai riƙe kan babur ba. Na je wurinsa sau uku, na yi abin da ƙarfina ya kai. Bai kai ƙara ko'ina ba, ya ce ƙaddara ce. Amma motar da ta tura shi rami sunan gidanku ne a jikin ƙofarta. Ya kamata wani daga kamfani ya taka ya je ya ce masa sannu, ya ɗauki nauyin jinyarsa. Zan raka duk wanda ka wakilta, na san gidan.

Game da dakatarwar, ban roƙi a janye ta ba. Na amfana da ita, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Abin da nake so a gyara shi ne dalilin da aka rubuta. Idan za a hukunta ni, a hukunta ni don na tuƙa mota ina cikin gajiya. Wannan zan sa masa hannu da kaina. Amma kada a bar wa matasan garejinmu takardar da ke koya musu cewa tsayawar ce laifi.

Ranar Litinin ta sama wa'adina zai cika. Zan zo gareji da ƙarfe bakwai, in sha Allahu. Idan an ba ni makulli zan karɓa, in yi aiki da gaskiya kamar yadda na saba, sai dai ina sanar da kai tun yanzu: duk inda na ji idona ya yi nauyi zan tsaya, ko kayan waye a bayana. Idan kuma wannan sharaɗi ya yi wa kamfani tsada, zan gaisa da kowa in koma gida ba tare da riƙo ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya, ya tsare motocinka da waɗanda ke cikinsu da waɗanda suke haɗuwa da su a hanya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Idirisu Mamman, direba,
Albarika, Parakou.