Ta'aziyyar Matar da Ta Zaunar da Masu Gadi

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Hausawa Ma'aikata Mazauna Doha, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Tanko Abdul-Rahaman, ta samu labarin rasuwar dattijuwar arziki, gwana wajen zana kujeru da ƙera kayan ado na azurfa, 'yar ƙasar Denmark, Madam Ingelise Brandholm, wadda 'ya'yan wannan ƙungiya suka fi sani da Iya Mai Kujera. Ta rasu a gidanta da ke garin Svendborg bayan gajeriyar jinya, makonni kaɗan da tashi daga gasar cin kofin duniya, kamar yadda babbar 'yarta, Madam Solveig Brandholm, ta sanar da mu.

Marigayiyar 'yar kafinta ce mai haɗa jiragen ruwa, kuma a gindin teburin mahaifinta ta fara riƙe zarto, a zamanin da ko a ƙasarsu ana yi wa macen da ta riƙe shi dariya. Ta kwashe sama da shekara hamsin tana zana kujerun asibiti da na makaranta da na gidajen tsofaffi, tana kuma ƙera awarwaro da sarƙoƙi waɗanda har yau matan ƙasarta ke gadar wa 'ya'yansu. Mu dai ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai daga baya. Abin da muka gani kawai shi ne wata 'yar tsohuwa mai furfura fat, da magwajin tela a wuya, wadda wani sabon otal ya ɗauko ta tsara masa kujerun zauren baƙi kafin zuwan 'yan kallon ƙwallo. Ba ta gama ba annobar korona ta sauka, aka rufe hanya, ta maƙale a wani ɗan gida a unguwar Bin Mahmud, tagarta na kallon ƙofar otal ɗin da ɗaya daga cikin dattawanmu, Malam Dogara, yake gadi.

Duk wanda ya taɓa sa kakin gadi ya san dokar: mai gadi ba ya zama. A wancan lokacin gwiwar Malam Dogara ta fara cinsa, ƙafa tana kumbura har takalmi ya ƙi fita, kuma mai kula da su ya riga ya ja masa kunne cewa in aka sake ganinsa a zaune, sai gida. Mutum ne mai iyali a bayansa, ya kuma san ba wani kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙon ma'aikaci, da zai sake ɗaukar mai shekarunsa. Don haka ya koma satar hutu, in ido ya ɗauke sai ya jingina da bango. Wata safiya sai ga wannan Baturiya ta sauko da takunkumi a fuska, ta wuce shi, ta tsaya tana ƙare wa bangon kallo, daidai inda bayansa ya goge fenti ya bar baƙin tabo. Da ta ciro magwaji ta fara auna tabon, Malam Dogara ya gaya mana cewa nan take ya fara lissafin abin da zai shiga jakar komawa gida, don ya ɗauka shaida take haɗawa ta kai ƙararsa. Har yau muna tsokanarsa da wannan ranar.

Ashe tsayin kujera take nema! Ta bayyana mana daga baya cewa jikin mutum ba ya ƙarya, inda ya gaji nan yake barin alama, kuma tunda annoba ta hana ta matsowa ta auna shi, bangon ya riga ya auna mata. Allahu Akbar. Mu da muke wuce tabon nan kullum datti kawai muke gani. Da aka sassauta kulle ta nemi wani ɗan shagon kafinta, ta yi ta haɗawa tana wargazawa da ragowar katako, har ta fitar da wata doguwar kujera siririya, mai karkataccen mazauni da sandar ɗora ƙafa, wadda in mutum ya hau ta a bayan ɗan teburin ƙofa, nauyinsa ya bar gwiwa, amma mai shigowa zai rantse a tsaye yake. Ba ta ɓoye wa kowa ba. Ta kai ta gaban manajan otal ɗin da kanta, ta ce ba za ta miƙa kujerun baƙi ba matuƙar wanda ke buɗe wa baƙin ƙofa ba shi da tasa. Aka yi ta ja-in-ja, tsohuwar nan ko gezau, har suka ce khalas, wato magana ta ƙare, suka amince.

A kan wannan kujera Malam Dogara ya yi gasar kofin duniya tun daga buɗewa har rufewa, a ƙofar da dubban mutane suka bi, kuma yau da muke wannan sanarwa yana bakin aikinsa. Marigayiyar ta bar zanen kyauta ga duk kafintan da ya nema, shi ya sa ake ganin irinta a ƙofofi daga unguwar Al Muntazah har Madinat Khalifa. Ba mu manta ba kuma da 'yar sarƙar azurfa mai ƙugiya da ta ƙera wa 'yar'uwarmu, Nas Kaneng, da abokan aikinta, don su rataye zoben aurensu a wuya a lokacin da wankin hannu ya hana su sa shi a yatsa. Wallahi ba mu taɓa ganin ido irin na matar nan ba.

A madadin Shugaba, da Majalisar Dattawa, da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, Musulminmu da Kiristocinmu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Madam Solveig, da 'yan'uwanta, da jikokin marigayiyar, da duk waɗanda suka koyi sana'a a hannunta. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya sanyaya zukatansu, ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya sa su gaji kyakkyawan halinta. Ku sani, kun yi rashin uwa, mu ma mun yi.

A zaman da Majalisar Dattawa ta yi, an kawo shawarar a miƙe tsaye na ɗan lokaci don girmama ta, kamar yadda mutanen ƙasarta suke yi wa mamaci. Malam Dogara ne ya ƙi, ya ce bai ga yadda za a karrama matar nan da abin da ta sha wahala ta raba mu da shi ba, kuma majalisa ta bi ra'ayinsa baki ɗaya. Saboda haka ƙungiya na umartar kowane ɗanta da ke bakin ƙofa, a duk inda yake a Doha, cewa ranar Juma'a mai zuwa, da zarar an sauko daga masallaci, ya jawo kujerar Iya, ya ɗora ƙafarsa a kan sandar, ya tuna da ita yana zaune.

Ghali Ɗalhatu
Kakakin Ƙungiyar Hausawa Ma'aikata Mazauna Doha