Kunnen da Ba Wanda Ya Gani

Kawempe, Kampala,
9 ga Yuni.

Zuwa ga gwaggona, Ssenga Nansubuga,

Ina gaishe ki a durƙushe, gwiwa biyu a ƙasa, kamar yadda kika koya mini tun ban kai tsawon tebur ba. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, sanyin Boston kuma ya sakar miki gaɓoɓi. Allah ya ƙara miki ƙarfi a kan jinyar tsofaffin da kike yi, ya ci gaba da sanyaya miki zuciya a kan rashin ɗanki Lutaaya. Mu nan muna lafiya. Yayanki Baba yana shan maganin hawan jininsa idan an tsaya a kansa, idan ba a tsaya ba ya ce ya manta. Ruwa ya yi yawa bana, iska ta kwantar da ayaba shida a gonar Mityana, kakata Jjajja kuwa ta ce ayabar ce ta tsufa, kada a ɗora wa iska. Nabbosa, matar Lutaaya, ta koma kan keken ɗinkinta. Jikanki ya fara tafiya, yana taku uku ya zauna ya yi wa kansa tafi.

Na zaɓi in rubuta da hannu, in ba matar fastonku da za ta komo jibi, domin idan na kira ki a waya za ki yi kuka, ni ma in yi, maganar ta narke a tsakani. Magana ce kuma da nake so ki ji ta a jere, daga bakina, kafin ta iso miki a gutsure daga bakin wasu.

Kin san farkon labarin, amma bari in maimaita shi yadda yake a littafin aikina. Ranar sha huɗu ga Janairu, da sassafe, wani fasinja ya hau bayan babur ɗin Lutaaya a tashar 'yan boda, masu acaɓa. Bayan awa ɗaya aka tsinci ɗanki a bakin hanya, an buge shi da guduma a ƙeya, babur ya tafi. Mutum ɗaya ce ta ga fasinjan, Mama Nakku mai soya capati da ƙwai a bakin tashar. Kwana biyu bayan mun binne shi, ba ki samu takardun zuwa ba, na ɗauki fensir na je wurin Mama Nakku. Ba wanda ya aike ni. Jaridar da nake yi wa zanen zaman kotu ta buga fuskar da na zana, 'yan boda suka manna ta a kowace tasha, bayan mako biyu suka kama wani mutum mai suna Olum a kasuwa. Sun karya masa haƙarƙari biyu, an riga an kawo taya da fetur kafin 'yan sanda su ƙwace shi. A ranar kika kira ni kika ce Allah ya sa hannuna ya zama idon ɗanki. Na riƙe wannan magana wata huɗu, ita ce ta riƙa tashe ni da safe.

Ban ga mutumin da aka kama ba sai watan jiya, da aka fara shari'a. Na zauna a inda na saba zama, allon zane a cinya. Aka shigo da shi. Ssenga, kafin in ɗago kai karo na biyu hannuna ya riga ya gama zana shi. Ba haka ake zana baƙo ba. Baƙo sai ka kalle shi sau ashirin, ka auna, ka goge. Na dubi takardar, na dubi mutumin, sai na gane Baban Talata ne.

Haka muke kiransa a makarantar zane. Mai gyaran laima ne, kowace Talata yakan zo ya zauna mana a kan kujera awa uku, mu kewaye shi da gawayi da fensir muna koyon zanen fuska. Shekara uku muna yin haka, ba wanda a cikinmu ya taɓa tambayar sunansa. Da ya daina zuwa aka kawo wani, ni kuma a lokacin ina cikin makoki, ban ma lura ba.

Da na koma ɗaki na sauko da littattafan zanena duka na ƙirga. Na zana shi sau ɗari biyu da sha ɗaya. Sannan na buɗe littafin da na rubuta bayanin Mama Nakku, domin a jarida an hore mu mu rubuta abin da mutum ya faɗa kafin mu taɓa komai. Abu biyar ta faɗa: dogo ne, baƙi ne, ba yaro ba ne, yana da faɗin hanci, kuma ya ja hular sanyi har ta rufe masa kunnuwa. Ki sake karanta na ƙarshen. A zanen da aka buga babu hula. Ni na cire ta, don na ga ba wanda zai gane mutum da hula. Da na cire ta sai kai ya buƙaci kunne, na sa masa kunne. Kunnen hagu ne mai lanƙwasa a sama kamar an matse shi da yatsa, kuma da wannan kunnen 'yan boda suka shaida Olum a kasuwa. Mama Nakku ba ta ga kunne ba. Ba wanda ya gani. Malaminmu ya sha faɗa mana cewa duk inda ido ya bar giɓi, hannu zai cike shi da abin da ya haddace, muna dariya muna ɗauka maganar ɓata takarda yake yi.

Na koma wurin Mama Nakku. Ta ajiye cokalin suya ta ce, "Ke 'yar nan, ki bar ni in sayar da abincina. Ba ke kika zana ba? Na ce miki shi ne, na faɗa wa 'yan sanda shi ne, yanzu kuma so kike in ce uwata ce?" Ba ƙarya take yi ba. Zanen yana manne a jikin rumfarta tun Janairu, mai ya fallatsa masa har ya yi ja. Fasinjan ta gan shi na ɗan lokacin da ake juya capati ɗaya, zanena kuwa ta kalle shi mako biyu kafin a jera mata mutum takwas a ce ta nuna.

Kin san abin da ya kai ni makarantar zane. Ina ƙarama nakan zauna a gefen Jjajja tana shimfiɗa ƙyallen ɓawon itace a rana, in ga fuskoki a cikin zanen jikinsa, in bi su da gawayi har ta kore ni. Aikin kammala karatuna ma a kan wannan ƙyallen nake yin sa, wanda muke naɗe matattunmu da shi, kuma fuskokin mutanen da nake gani a kotu ne, masu jiran hukunci shekara biyu, uku, har alƙalin ya canja ba a kira su ba. A da ina alfahari da cewa na'urar hoto sata take yi, zane kuwa zama yake da mutum har ya san shi. Yanzu fuskoki goma sha tara suna jingine a bangon ɗakina, na juya su duka suna kallon bango, domin na fara ganin kunnen nan a jikin waɗanda ba nasu ba ne. Na same shi a uku. Har a hoton Lutaaya da na zana don addu'ar arba'in na tsaya ina dubawa da gilashin ƙara girma.

Ba zan yi miki tausasawar da ba ta cikin raina ba. Ranar da aka kama Olum, da na ji an kawo taya, abin da na ji shi ne haushin 'yan sandan da suka iso da wuri. Har yau ina so a kama wanda ya kashe Lutaaya, a hukunta shi hukunci mai nauyi, kuma ban yarda da masu cewa talauci ne ya ɗaga gudumar ba, domin Lutaaya ma talaka ne, kullum yana fita tun asuba. Na kuma san dalilin da ya sa 'yan boda ba sa jiran kotu, sun binne mutum bakwai a shekara biyu, ba a ɗaure kowa ba. Amma na zauna a kotu na isa in ga abu ɗaya: ranar da aka samu fuska, ranar ake daina nema. Tun ranar da aka kama Olum ba wanda ya ƙara tambayar inda babur ɗin ya shiga. Ban ce ba shi ya yi ba, ban sani ba, shi kaɗai yake kwana, ba mai shaidar inda yake a safiyar. Abin da na sani shi ne, hujjar da ke kansa ni na ƙera ta, daga fuskarsa na ɗauko ta na mayar masa.

Ranar Alhamis na je kurkuku. Da aka fito da shi ya zauna a gabana, sai ya karkata kai zuwa dama, ya ɗaga haɓa kaɗan, ya tsaya cik, kamar yadda yake yi mana ranar Talata. Bai san ya yi ba. Na faɗa masa komai. Ya yi wata dariya da ta sa ya dafe haƙarƙari, ya ce, "'Yar gawayi, shekara uku kuna ɓata mini fuska, wani ya mai da ni akuya, wani ya mai da ni bishop. Rana ɗaya da aka samu mai iyawa, ga inda ta kawo ni." Ya tambaye ni ko wani ya kwashe laimomin mutane da ya bari a rumfa, don masu su za su ce ya gudu da su.

Da na faɗa a gida, Baba ya ce in yi shiru, kotu ta yi aikinta, idan mutumin ba shi da laifi Allah zai fitar da shi ba sai da ni ba. Ya ce dangi sun sa ranar kammala makoki da naɗa magaji bayan hukunci, kada in buɗe kabarin da aka fara rufewa. Nabbosa ba ta yi ihu ba. Ta ci gaba da taka kekenta ta ce ita dai ta fara barci tun da aka kama shi, in gaya mata wa zan ba ta a madadinsa. Shugaban tashar 'yan boda ya aiko a faɗa mini cewa 'yar boko ta ci kuɗin ɓarayi, kuma kada in sake in hau babur a Kawempe. Yanzu da ƙafa nake zuwa bakin titi.

Ssenga, ba izini nake nema ba, kuma ba don na raina ki ba ne. Na san idan na tambaye ki kika ce in bari, zan bari, shi ya sa yau da safe, kafin in zauna rubutun nan, na kai wa lauyar da ke kare Olum littattafan duka, na sa hannu. Za a kira ni in ba da shaida ranar biyu ga Yuli. Na san abin da nake karɓewa daga hannunki. Kina can ke kaɗai, ba ki ga gawarsa ba, ba ki zuba ƙasa ba, abu ɗaya da aka ba ki shi ne fuskar da za ki tsana, ni na ba ki ita, yanzu na zo in karɓe, kuma ba ni da wata da zan ba ki.

Ki gaishe mini da Kojja Ssebunya da matarsa, da Nalule idan ta zo hutu, da Mama Akiiki da kuke ɗaki ɗaya. Jjajja ta ce a faɗa miki man zafin da kika aiko ya fi na asibiti. Baba yana gaishe ki, bai san na rubuta ba.

'Yarki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,
Namubiru.