Baba Ya Ba Mijina Akwatin Sifanunsa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ta sama, domin akwai abin da na sani na ƙi faɗa, kuma abin ya fara hana ni sukuni.

Kishi nake yi, Anti. Kada ki yi saurin cewa wata ce ta shigo, babu wata mace. Da mijina nake kishi, a kan mahaifina. Ko ni da nake rubutawa na ji abin banbaraƙwai.

Babana bakanike ne. Shekara arba'in ya yi yana gyaran motocin shiga daji kafin gwiwa da ciwon suga su zaunar da shi. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce babba. Tun ina aji uku nake zarcewa garejinsa daga makaranta, in miƙa sifana, in wanke noti a gwangwanin kananzir. Kafin in gama sakandare ina iya sauke lagireto, ina gane ciwon inji da kunne kawai. Injiniya yake kirana. Da ƙuruciyarsa ya taɓa raka wasu matafiya hamada a matsayin bakaniken ayari, kwana goma sha ɗaya, kuma ba ya gajiya da ba ni labarin: yadda ake rage iskar taya kafin a hau rairayi, yadda sanyin asuba ke shiga har ƙashi. Yakan ce wata rana zai kai ni. Na girma, na karanci haɗa magunguna, na yi aure, na haifi biyu, maganar ta kwanta.

Mijina malamin lissafi ne, mutum mai haƙuri, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma lokacin da na aure shi ko inda ake duba baƙin mai bai sani ba. Motarmu ta taɓa mutuwa a kan hanya, ni na buɗe gabanta na ɗaure kan batir, shi yana tsaye riƙe da jakata. Bara ya sayo wata tsohuwar a-kori-kura mai gida biyu, mai ja da ƙafa huɗu, ya ce labaran hamada da nake ba shi ne suka shiga ransa. Na ji daɗi, wallahi. Ya kai ta gidan Baba wai a duba masa ita. Daga ranar na rasa su duka biyun.

Wata takwas ke nan, duk Asabar suna tare. Sun ɗaga ta da sabon sifirin da shokazoba, sun sa mata tayoyi masu manyan haƙora, sun rufe cikinta da farantin ƙarfe saboda duwatsu, sun ja bututun shan iska har saman gilashi saboda ƙura, sun ƙara batir na biyu. Baba na zaune a kujerar roba yana nuni da sanda, mijina na kwance a ƙarƙashi yana amsawa da to Baba, to Baba. Idan na je, aikina dafa musu shayi. Rannan na ce kayan da suke shirin ɗorawa a kariyar sama sun yi nauyi, za su iya kifar da ita a gangare. Suka ci gaba da aikinsu. Bayan mako ɗaya mijina ya faɗi wannan maganar dai, sai ga Baba yana gaya wa maƙwabcinsa cewa Malam akwai kai.

Na shanye wannan. Wanda na kasa shanyewa shi ne akwatin. Baba na da wani jan akwatin ƙarfe na sifanu, ya girme ni. Na san kowace sifana a ciki, har da mai lamba sha bakwai da ya goge bakinta da magagari don ta shiga lungu. Watan jiya, a gabana, ya tura shi da ƙafa zuwa wurin mijina, ya ce Allah bai ba shi ɗa namiji ba, amma ga shi ya ba shi a tsufa. Na yi dariya tare da su, na shiga bayi na yi kuka, na wanke fuska na fito na kwashe kofuna.

Sannan suka tsayar da Asabar ta sama a matsayin ranar tafiyarsu hamada, suka cire kujerar baya don jarkokin ruwa da ƙaramin firjin allurar Baba. Kujera biyu ta rage. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so in je. Takarda aka miƙo min: in haɗa abincin kwana biyar da akwatin magani.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lahadin da ta wuce mijina ya kai ni kasuwa a cikin motar. Da ya karya kwana zuwa dama, sai na ji wani siririn gurnani daga ƙafar gaba ta hagu, yana ƙaruwa idan ya ƙara gudu. Da muka tsaya na yi kamar ina gyara takalmi, na taɓa tsakiyar ƙafar. Ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Boris ne, Anti, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya fara ci. Kunnen Baba ya yi nauyi yanzu, mijina kuma ya ɗauka kukan sababbin tayoyi ne. Na buɗe baki zan faɗa, sai na rufe. A raina na ce su tafi, ta tsayar da su a garin farko, su san akwai wadda suka bari a gida.

Tun ranar ba na iya kallonsa sosai. Yana shigowa da fara'a, giris a farcensa, yana nuna min hoton tantin da suka gwada kafawa a tsakar gidan Baba, ni kuwa ina amsa masa da ƙyar. Ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce gajiyar aiki ce. Idan na faɗa yanzu, na san yadda za ta kaya: za su canja boris, Baba ya yaba wa Malam da ya yi aikin da kyau. Ko kuma Baba ya ji kunya cewa kunnensa ya gaza. Anti, ni muguwa ce? Yaya zan yi?

'Yar bakanike

Amsa

'Yata, ke ba muguwa ba ce. Muguwa ba za ta rubuto ba. Amma shirun da kika yi yana da haɗari, don haka bari mu fara da shi.

Ki faɗi maganar boris yau, ba gobe ba. Ke kin fi ni sanin cewa boris ba ya zaɓar inda zai ƙone. Kin tsara masa garin farko a ranki, shi kuwa yana iya jira sai sun yi nisa cikin rairayi, inda waya ba ta kamawa, da dattijo mai suga a mota da allurarsa a firjin da ke dogaro da batir. Idan wani abu ya same su, babu akwatin da zai rama miki.

Kunyar da kike jiye wa Baba kuma tana da magani. Ki je da kayan aiki a jikinki, ki ce, "Baba, kunnen da ka koya min ya ji wani abu, a ɗaga ƙafar hagu mu gani." Ke za ki sa jak, ke za ki girgiza tayar. Ba ki ƙwace masa komai ba, aikinsa ne ya dawo masa.

Yanzu kishin. Kina da gaskiya a inda kike da ita. Maganar ɗa namiji da Baba ya yi a gabanki ta yi ciwo, kuma bai kyauta ba, ko da bai yi da nufi ba. Amma na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga inda kika ce musu kina so ki je ba. Kin yi dariya da aka ba da akwatin, kin dafa shayi, kin karɓi takardar cefane. Me za su gani in ba mace mai aikinta da 'ya'yanta da ta bar giris a baya ba? Baba na iya ɗauka girmama ki yake yi da ya daina sa ki shiga ƙarƙashin mota. Mijinki kuwa da bakinsa ya ce labaranki ne suka sa ya sayi motar. Mutumin da ya taɓa tsayawa riƙe da jakarki kina gyara batir, ya kuma kwashe wata takwas yana kwanciya a ƙasa don ya koya, ban ga alamar yana neman ture ki ba.

Ki fara da shi, ku biyu kawai. Ki gaya masa duka, har da kwanakin da kika yi shiru, ki nemi afuwarsa. Zai ji zafi, ki bar shi ya ji. Sannan ki tuna wa Baba alƙawarinsa da bakinki, ba da fushi ba.

Kujera da noti aka cire ta, da noti za ta koma. A mayar da jarkokin bodin baya a ɗaure su da kyau, yara su yi kwana biyar wurin ɗaya daga cikin ƙannenki. Ki kuma nace a kan abu uku: kada su shiga da mota ɗaya tal, a sami ta biyu, likitan Baba ya amince da tafiyar, wani a gida ya san hanyar da ranar dawowa. Idan shirin bai kammala ba, a ɗaga tafiyar mako biyu, babu abin da zai lalace.

Mai yiwuwa Baba ya ce a'a a wannan karon. In haka ta faru, ki haɗa musu maganin da zuciya ɗaya, ki sa mijinki ya tsayar miki da ranar taku tafiyar kafin su tashi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.