Fitila Ta Mutu, Ya Ce Uban Ya Sauka

Malama Hamida, a taimaka a raba mini gardama da ɗana Haidar. Shekara uku ke nan ina faɗin magana ɗaya, kowa sai ya ce Baba a yi haƙuri. Ni ban yi boko ba, 'yata Badi'a ke rubuta wannan, na kuma hana ta gyara ko kalma.

Haƙar rijiya ce sana'ata, shekara arba'in, daga Garo har ƙauyukan Gwarzo. Haidar ya tafi Kano ya koyi kwamfuta, ya ƙera wasan waya mai labari, samarin Kabo duk sun rasa aikin yi sai shi. Akwai doki mai fiffike a ciki, da kura mai sarauta. Wannan ban musa ba, ban taɓa zuwa garin aljanu ba. Amma akwai inda yaro ya suma a ƙasan rijiya, uban ya zura fitila ta mutu, wai duk da haka ya sauka ya goyo ɗansa suka fito da rai. Ƙarya ce. Inda fitila ta mutu babu iska, wanda ya sauka gawa ta biyu ce. Haidar ya ce ai duniyar tatsuniya ce. To a tatsuniyar ba a numfashi ne?

Kuma uban nan na cikin wasan da ɗingishina aka yi shi. Kowa ya san babban ɗana Lurwanu a rijiya ya rasu a ƙauyen Jama'a. Ya sauka da safe bai gwada iskar da fitila ba. Na zura fitila, a zurfin gaba shida ta mutu. Ban sauka ba. Haidar ya kama igiya zai shiga, na danne shi a ƙasa har ya cije ni. Da ƙugiyar ciro guga muka fito da Lurwanu.

Da sallar da Haidar ya zo, na gaya masa a gaban jama'a cewa rijiya ba ta iya zaɓe ba, ta ɗauki mai amfani ta bar mini maƙaryaci. Tun ranar bai sake taka Garo ba. Yanzu an yi masa haihuwa, ya aiko in je suna. Na ce ƙafata ba za ta je ba sai ya goge wurin nan. Ni ba rarrashi nake nema ba. Mutum na sauka inda fitila ta mutu ya fito, ko ba ya fitowa? A ba ni amsa.

Tsohon mahaƙin rijiya, Garo

Baba, ba ya fitowa. Ka yi gaskiya. Da ka sauka ranar, kabari biyu za a haƙa, da kuma ka saki Haidar ya bi ka, uku. Kuma sa ɗingishinka a wasan da duk gari ke bugawa, ba tare da ya shawarce ka ba, bai kyauta ba.

Amma kai ma ka san ba kan iska kuke faɗa ba. Haidar bai iya ciro yayansa da igiya ba, sai ya ciro shi a inda yake da iko, kuma bai sa baƙo ya yi ceton ba, kai ya sa. Ka kira wannan ƙarya. Kai kuwa abin da ka faɗa masa ranar salla, ko maƙiyi zai yi nauyin bakin faɗarsa. Ɗan da ka danne da hannunka don ya rayu, shi ka ce ka so rijiya ta ɗauka.

Ka bar zancen gogewa. Ka je sunan. Ka keɓe da shi, ka janye waccan magana da bakinka, ba ta bakin Badi'a ba. Sannan ka nuna masa tabon cizon nan, in yana nan, ka gaya masa dalilin da ya sa ba ka sake shi ba. Ina zaton ba ka taɓa faɗa masa ba.

Rijiya ɗa ɗaya ta ci maka, Baba. Na biyun yana Kano ya aiko maka goron suna. Allah ya jiƙan Lurwanu, ya raya jaririn, ya kai ka lafiya.

Hamida