Maki Ukun Bara'atu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Maigandi ya kawo mini kati da hantsi. Tare muka koyar a makarantar 'yan mata, yanzu mu biyu duk gwiwa ta gaza. Wai tsofaffin ɗalibai za su karrama mu ranar Asabar, sha tara ga wata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da ya tafi na ga sunan mai jawabi a kaina: Dakta Bara'atu, malamar lissafi a jami'a. Na kifa katin a kan rediyo.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na buɗe tsohuwar adakata ina neman hular da zan saka. Ƙarya nake, hula tana rataye a ƙusa. Takardar Bara'atu tana nan ƙarƙashin littattafan darasi, ta yi ja don tsufa. Jarabawar aji biyar, 1997. Tambaya ta bakwai, ni na tsara ta da kaina: an jefa dayis biyu irin na lido, an gaya miki aƙalla ɗaya ya nuna shida, mece ce yiwuwar duka biyun shida ne?

Amsata: ɗaya cikin shida. Na lissafa yadda dayis biyu za su iya faɗuwa, na sami hanya ashirin da ɗaya. Masu shida a ciki guda shida ne, daga shida da ɗaya har shida da shida. Shi ke nan.

Yarinyar nan ta rubuta ɗaya cikin goma sha ɗaya. Na ba ta sifiri da jan biro, har takardar ta huje. Da maki ukun tambayar nan kyautar lissafi ta wuce ta, aka ba Sadiyatu 'yar ajinsu. Kowa na mayar masa da takardarsa ban da ita.

Allah sarki wancan zamani. Ƙamshin alli, ƙararrawar ƙarfen mota a jikin dalbejiya, kekena Rale. Da na shigo aji sai ka ji tsit.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ba tsit aka yi ba ran da na raba takardun nan. Bara'atu ta ɗaga hannu, ta fito, ta zana gida shida tsaye shida kwance a allo, wai hanyoyi talatin da shida ne. 'Yan aji suna kallona. Ni da aka ɗauko daga labarin ƙasa aka ɗora wa lissafi don babu malami, kullum ina tsoron ranar da za a gane. Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na sa ta durƙuso gaban ofishin malamai har aka tashi.

Tun daga shekarar ban ƙara saka tambayar ba. Ban san dalili ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Bayan la'asar lido da matata Iyatu, kamar yadda muka saba shekara arba'in. Ta cinye ni sau biyu don hankalina ba ya wurin. Na karɓe gwangwanin dayis na ce gwaji zan yi: in yi ta jefawa, duk jifar da shida ya fito in ja layi, in siki-siki ne, wato shida biyu, in yi da'ira. In ina da gaskiya, kowane layi shida za a ga da'ira ɗaya.

Ta ce, "Malam, mi kaka nema ga ƙwayar lido da tsufanka?" Na gaya mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Siki-siki? Da shina zuwa da arha hakanan, ai da mun ƙare wasa kahin shayi shi huce."

Matar da ko aji uku ba ta gama ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Layi sittin da shida, da'ira biyar. Hannuna ne ba shi da sa'a.

Talata, 15 ga Oktoba

Layi ɗari da goma, da'ira tara. Ya kamata su kai sha takwas. Na buga gwangwanin da haushi, dayis ɗaya ya yi tsalle ya faɗa makwararar ruwa. Iyatu ta ce alhaki ne. Gwiwa ta dame ni yau, ban fita masallaci ba sai magariba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Iyatu ta aika aka sayo wani dayis a bakin titin Gawon Nama. Babu fari, ja aka samo. Na yi mita, ta ce in ba ni so in bari.

Jifa ta farko: ja shida, fari biyu. Can an jima: ja biyu, fari shida. Na tsaya da gwangwani a hannu. Ba abu ɗaya ba ne. Jifa biyu ce daban, ga su a gabana, ɗaya ja ke da shidan, ɗaya fari. Duk rayuwata da farare biyu nake wasa, masu kama da juna kamar an tsaga kara, shi ya sa nake ƙirga su a ɗaya. Shida da ɗaya hanya biyu ce, haka shida da biyu, har zuwa shida da biyar, goma ke nan. Shida da shida kuwa hanya ɗaya tak. Goma sha ɗaya.

Na zana gidajen a bayan kalanda, talatin da shida, na toshe duk wanda babu shida, tunda an riga an gaya mana akwai. Abin da ya rage shi ne abin da yarinya 'yar shekara sha shida ta zana mini a allo.

Iyatu ta leƙo ta ce, "To, wa ad da gaskiya?" Na ce ta kawo mini ruwa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ba zan je ba. Zan ce gwiwa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Maigandi ya biyo bayan masallaci. Na ɗan taɓa masa zancen. Ya ce, "Haba Badaru, shekara ashirin da bakwai! Ta zama dakta, mi tar rasa? Kak ka tona ma kanka asiri gaban ɗiyan da ka koyar." Maganarsa ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma wannan daɗin ne ya dame ni.

Ni dai abin da nake gani shi ne gwiwoyinta a kan tsakuwa, da malamai suna wucewa da kofin shayi. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, wataƙila da na manta.

Na tarar Iyatu ta goge babbar rigata ta ajiye a kan gado. A aljihu akwai jan biro sabo. Ban tambaye ta ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

An yi taro jiya. Shinkafar ta yi gishiri, lasifika tana ta kuwwa. 'Yan matan da na sani da ɗan hijabi duk sun zama iyaye, wasu da jikoki. Bara'atu ta yi jawabi, ta ce ni na koya mata tsayawa a kan amsa. Aka yi tafi. Ni kaɗai na san yadda na koya mata.

Da aka ba ni makirfo na yi godiya kawai. Baki ya ƙi. Amma da aka watse na kira ta gefe na miƙa mata ambulan da takardarta a ciki. Na soke sifirin na sa uku, na gyara jimla daga saba'in da ɗaya zuwa saba'in da huɗu, na sa hannu da kwanan watan jiya. Gyaran maki ne kawai, aikin malami.

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Malam, ashe kun aje ta?" Sai ta durƙusa za ta yi godiya. Na ce ta tashi, ta tashi don Allah, ta riga ta yi wannan. 

Ta ce kowace shekara da tambayar nan take buɗe wa 'yan aji ɗaya darasi, kuma rabinsu ɗaya cikin shida suke cewa. Tana son ta nuna musu takardar gobe Litinin. "In ruhe sunanku, Malam?"

Na ce ta bar shi a buɗe.