Abin da Aka Samu a Cikin Motar Baba

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jaririn. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura idan kin daɗe a tsaye? Mu nan muna lafiya. 'Yarki Kwandasta, mai raka Baba a mota, tana gaishe ki. Haƙorinta na gaba ya fita, yanzu in ta yi dariya kamar an bar ƙofar gareji a buɗe.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Na zaɓi takarda ne don bakina ba ya iya faɗar abu mai nauyi a waya, kuma gidan nan duk abin da na faɗa Baba yana ji ta bango.

Ranar da kika kira na ce miki motar Baba tana wurin bakanike, ƙarya na yi miki. Motar tana hannun hukuma. Litinin ta makon jiya, wajen ƙarfe biyu na rana, Baba ya hau kan kwalbati a kwanar gidan mai, ya tuge sandar allon hanya. Bai taɓa kowa ba. 'Yan sanda suka zo suka ba shi wani abu ya hura, abin ya nuna ya sha. Kwana biyu ya yi a wurinsu. Alƙali ya ci shi tara, ya karɓe lasisinsa na shekara ɗaya, motar kuma janwe ta ja ta zuwa filin da ake tara motocin da aka kama.

Giya, Yaya. Na daɗe ina kallon kalmar nan kafin na ci gaba da rubutu. Baban da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙi bai taɓa ko goge fentin wani ba.

Ba zan ce miki ban sani ba. Tun bayan rasuwar Inna na ga ya fara yawo da alewar minti a aljihu, mutumin da yake hana mu shan zaƙi. Na kuma ga yadda yake ajiye mota. Da, in ya tsaya a ƙofar gida, ko da magwaji na auna ba zan sami karkata ba. A 'yan watannin nan sai in fito in tarar da gindinta a titi. Aikina walda ne, idona ba ya wuce layin da ya karkace. Na gani na yi shiru, ina ce wa kaina baƙin ciki ne, zai wuce.

Na san tambayar da ke ranki, ita ce ta farko da na yi masa a wurin 'yan sanda. Ya ce shi kaɗai ne a motar, bai ma kai makarantar su Kwandasta ba abin ya faru. Maƙwabciyarmu Mai Ɗinki ce ta dawo da ita gida ran nan. Yanzu ni nake kai ta da ƙafa kafin in wuce shago.

Sai dai ina da ƙararta. Ta ɓatar da ƙafa ɗaya ta takalmin makarantar da kika aiko. Na yi mata faɗa sosai, sau biyu ina mayar da ita ta duba aji, ta dawo hannu rabbana. Kwanan nan ma ba ta cika surutu ba, ina jin kewar motar take, tun da ba ta da inda za ta zauna tana kiran sunayen unguwanni kamar yadda ta saba.

Sau biyu na je filin. Na farko suka ce sai da takardar 'yan sanda. Na biyu suka ce tun da sunan Baba ne a takardun mota, sai ya rubuta ya sa hannu cewa ya wakilta ni, kuma sai mai lasisi ne zai fitar da ita. Allah ya sa ina da shi, wanda Baba ya matsa mini na yi. Jibi zan koma.

Don Allah kada ki kira shi cikin fushi. Tun da ya dawo bai leƙa ko ƙofar gida ba.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan jaririn.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kuna lafiya ke da mutanen gidan. Ki sami wuri ki zauna kafin ki karanta wannan. Kwandasta lafiyarta ƙalau, na fara da wannan don hankalinki ya kwanta.

Jiya na karɓo motar. Filin yana bayan gari, an kewaye shi da waya. Motoci ne layi-layi, kowacce an rubuta mata lamba da farin fenti a gilashin gaba. Wasu ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu, akwai wata bas da kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Na kalli mutanen da muke layi tare: wata mata da goyo, wani dattijo da carbi, wata uwa da ta ƙulle takardu a leda tana riƙe da su a ƙirji. Babu ko ɗaya da ya yi kama da wanda ya sha. Masu shan suna gida, mu ne a rana.

Mai gadin wurin mutum ne mai barkwanci. Da ya ga lambata ya ce, "Tsohuwar taku ba ta ba mu wahala ba, ita kam tun da ta zo ba ta sha komai ba." Na yi masa dariya don kada ya ji kunya.

A ofishin akwai wata mata a bayan taga. In ka gama biya, sai ta miƙo maka takarda mai jerin kayan da aka samu a cikin mota ranar da aka kama ta, ka sa hannu cewa sun cika. Duk waɗanda ke gabana ko kallon takardar ba su yi ba, suka ja layi suka wuce. Ni kin san halina, tun da karatuna bai yi nisa ba, ba na sa hannu a abin da ban bi da yatsa ba. Na fara bi layi-layi, bakina yana motsi. Na bayana ya yi tsaki. Matar ta ce, "Malam, ba jarrabawa ba ce fa."

Jak ɗaya. Sifana uku. Tayar safaya. Kwalba biyu, babu komai ciki. Takalmin makaranta na yarinya, ƙafar hagu, ɗaya. A can ƙasa kuma, da rubutun ɗan sanda: fasinja ƙaramar yarinya, an miƙa ta ga maƙwabciya.

Sau uku na karanta, ina fatan rashin karatuna ne ya ruɗe ni. Har na roƙi matar ta karanta mini. Ta karanta, ta ɗago ta kalle ni, ba ta ƙara ce mini in yi sauri ba.

Na sami takalmin a matse ƙarƙashin kujerar gaba. Murfin aljihun motar, daidai inda take zama, ya tsage. Da hannuna na ɗaure mata igiyar takalmin nan ranar Litinin da safe.

Batir ya mutu, sai da mai gadi da wasu mutum biyu suka tura ni. Ban san yadda na iso unguwa ba. A shagon Mai Ɗinki na fara tsayawa. Tana ganin abin da ke hannuna ta tsayar da keken ɗinkin ta fashe da kuka. Ta ce 'yan sanda ne suka kira ta da wayar Baba. Da ta je ta tarar da yarinyar a zaune a bakin kwalbati, ƙafa ɗaya ba takalmi. Kafin a tafi da Baba ya roƙe ta ta rufa masa asiri, sannan ya riƙe hannun Kwandasta ya ce mata in ta faɗa wa kowa, uwarta za ta zo ta ɗauke ta, ba za su sake ganin juna ba.

Kwana goma, Yaya. Yarinya 'yar shekara bakwai ta riƙe wannan a cikinta kwana goma, ni kuma ina tsaye a kanta ina ce mata sakarya mai zubar da kaya.

Sai a lokacin na lura tun ran nan ɗankwalinta a saitin gira take ɗaura shi, har in za ta kwanta. Na ɗaga shi a hankali. Akwai ƙulu a goshinta, ya fara sacewa, gefensa ya yi ruwan ɗorawa. Yau da safe na kai ta asibiti. Likita ya duba idonta da kanta, ya ce babu abin da ya taɓu, amma da ran nan ya kamata a kawo ta.

Baba kuwa, ajiye takalmin kawai na yi a gabansa. Bai ƙara wata ƙarya ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce kada in gaya miki. Ya ce tun da Inna ta tafi, in ba don yarinyar nan tana buga masa ƙofa da safe tana cewa direba ya makara ba, bai ga abin da zai tashe shi daga kan gado ba. Kuma gaskiya ya faɗa, ni shaida ne. Ban taɓa ganin Baba yana roƙon mutum ba sai jiya, kuma ni ya roƙa.

Yau a shago sau biyu ina huda ƙarfen mutane, har maigidana ya karɓe abin waldar ya ce in je in huta. Na yi ta juya maganar. In na yi shiru, Baba zai samu abin da yake riƙe da shi. In na faɗa, na san abin da za ki ce, ni ma da 'yata ce shi zan ce. Amma shirun da na yi a kan alewar minti shi ya kai mu bakin kwalbatin nan. Kin ba mu ita amana don makarantar nan ta fi kusa da mu. 'Yarki ce, ke ya kamata ki yanke.

Na gaya wa Baba zan rubuto miki. Sai ya juya fuska bango.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ya jikin jaririn da kika ce yana tari? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso. Ba ni da ja. Jibi Asabar zan kawo miki Kwandasta da kaina, na riga na karɓo takardarta daga makaranta. Na ji kuma kin ce ba kya son ganin Baba yanzu, na faɗa masa yadda kika faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Na yi zaton zai kwanta ciwo. Sai ga shi jiya da safe ya fito da bokiti, karo na farko da ya taka ƙofar gida. Ya wanke motar tas, ya kankare lambar nan ta gilashi da reza. Ya duba mai da ruwa da iskar taya, ya sa na shiga na taka birki yana saurare. Ya ce tana ɗan ja hagu in an taka da ƙarfi, in kiyaye a gangara. Daga nan ya zare makullin ɗakinsa daga cikin zoben makullan motar, ya miƙo mini sauran. Bai ce aro ba ne, bai ce kyauta ba ne.

Da rana ya yarda na raka shi asibiti, ɓangaren da ake ganin masu irin matsalarsa. Ya zauna a layi da hularsa a gwiwa, cikin yara sa'o'ina. Ba zan yi miki alkawarin komai a kan wannan ba, zuwa ɗaya ne kawai. Na dai faɗa miki ne don ki sani.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Kwandasta. Da na ce mata za ta koma wurinki, ban ga murna ba. Ta ruga ɗakin Baba ta riƙe rigarsa tana cewa, "Kaka, ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa wa Kawu ba." Baba ya durƙusa har ƙasa, ya ce ya sani, ita ba ta yi laifin komai ba, shi ne ya yi, kuma bai kamata ya ɗora mata abin da ya ɗora ba. Ta yi ta kallonsa. Na ga alama ba ta yarda ba. A ganinta an kama ta da wani laifi ne shi ya sa ake korar ta.

Don haka ga roƙona. In ta iso, kada ki tambaye ta me ya sa ta ɓoye miki. Kada kuma ki zagi Baba a gabanta, ko da kina da gaskiya, kuma kina da ita. In ta ce tana son jin muryarsa, ki ba ta wayar, ke ba sai kin yi magana ba. Ba shi ya aiko ni ba, bai ma san na rubuta wannan ba.

Abu ɗaya ya nema, kuma a wurina. Ya ce tun da ba zai bi mu ba, in bar shi ya shiga motar zuwa babbar mahaɗa ta bakin gari, in sauke shi a nan ya dawo da ƙafa. Na ce masa tafiyar ta fi awa guda, ga gwiwarsa. Ya ce ya sani.

Na ce to. Wannan kam ban nemi izininki ba. A baya zai zauna.

Sai mun iso, in Allah ya yarda kafin la'asar. Ki gaida maigidan.

Ƙaninki,
Auta